Me ya sa kansar hanji ke dawowa bayan kemo?

Hajiya sannu da jinya, Allah ya ba Baba lafiya. Kin ce an cire mishi ƙarin daga hanji, ya gama kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, bayan shekara kuma hoto ya nuna abin a hanta, kina tambaya ko maganin ne bai yi ba.

To ƙwayoyin da ke cikin ƙarin nan ba iri ɗaya ba ne. Mafi yawansu masu saurin rabuwa ne, su ke sa ƙarin ya kumbura har ya toshe hanji ko a ga jini a bayan gida mutane su ce basir ne, kuma su ne magungunan kemo irin 5-FU da oxaliplatin suka fi kamawa, shi ya sa ƙarin ke motsewa. Akwai kuma 'yan kaɗan da zan kira uwayen ƙwayoyi, su ke haifo sauran. Wasunsu kwanciya suke yi kamar masu barci, maganin ya zo ya wuce, wasu ma turo shi waje suke. Duk wanda ya yi noma a fadamar Argungu ya san aya-aya, ka share ganyen tas, 'ya'yan na ƙasa suna jiran ruwa.

Asali hanjin mai lafiya ma yana da irin uwayen nan, su ke sabunta fatar cikinsa duk 'yan kwanaki. A 2007 wani mai bincike, Hans Clevers, da mutanensa a Holan suka gano alamarsu, LGR5. Akwai ƙwayar gado mai suna APC da ke taka musu birki, kuma a kusan kashi 80 cikin 100 na kansar hanji birkin nan ne ya lalace.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne gwajin ɓeraye na 2017, da aka kashe ƙwayoyin ƙarin da ke da alamar LGR5 sai sauran ƙwayoyin suka rikiɗe suka maye gurbinsu, wato waɗanda ba uwaye ba ma suna iya komawa uwaye.

Hanta kuwa, jinin hanji can yake fara zuwa, ƙwayar da ta ɓalle yawanci can take sauka tun tana ƙanƙanuwar da hoto ba ya gani. Don Allah kar ku yanke ƙauna, wani lokacin ana iya yanke wanda ke hantar. Ku koma wurin likitansa da duk takardun, ku tambaye shi batun tiyatar da gwajin jinin CEA, wanda ake bibiyar kansar hanji da shi.