Jitar da aka harhaɗa mini a Jos

Jitar lantarkin da nake zuwa biki da ita yanzu ba ta kamfani ɗaya ba ce. Gangar jikin irin ta Stratocaster ce, na saye ta a hannun wani makaɗi. Wuyan ta intanet na yi odarsa, fikof (na'urar da ke ɗaukar sautin tsirkiya ta kai amfilifaya) ɗin da ke kusa da gada, wato inda tsirkiyoyi ke zama a jikin gangar, na kamfanin Seymour Duncan ne, mai naɗin waya biyu; sauran fikof biyun masu naɗi ɗaya ne. Wani mai gyaran kayan kiɗa a wajajen Taminus ne ya haɗa mini su, kuma na gamsu da aikinsa ƙwarai.

Leo Fender, wanda ya kafa kamfanin jita na Fender, shi ne ya buɗe wannan ƙofa ta harhaɗa sassan jita. Stratocaster ɗin da ya fitar a 1954, da sukurori huɗu ake ɗaure wuyanta, saɓanin Les Paul ta Gibson da ake manne nata da gam. Amma ba kowane wuya ke zama a kowace ganga ba. Tsawon tsirkiyar Fender inci 25.5 ne, na Gibson 24.75, sannan gindin wuyan Stratocaster a zagaye yake, na Telecaster kuwa mai kusurwa ne. Mai gyaran nan bai taɓa sukuru ba sai da ya auna komai, har ya gano ramin da wuyan ke zama a jikin gangar ya ɗan yi masa yawa, ya cike gefen da siririn katako.

Inda ya fi burge ni shi ne lokacin da na matsa masa ya yi sauri. Ya ce, "Ƙanena, bar wuyan nan ya sha iskar Jos tukuna." Hunturu ake yi, kuma da gaskiyarsa. Katakon ya bushe ya ɗan tsuke, bakin ƙarafan firet, wato siraran ƙarafan da ke gicciye a kan wuyan, suka leƙo ta gefe suna yagar yatsa. Sai da wuyan ya gama motsinsa ya goge su da zarto, ya juya sandar ƙarfen da ke cikinsa ya miƙe, sannan ya bi tsirkiyoyin shida ɗaya bayan ɗaya yana gwada sautinsu a firet na 12. Yanzu ko can ƙasan wuya na sauka, murya ba ta kaucewa.

Sai maganar gurnani. Duk wanda ya taɓa kaɗa fikof mai naɗi ɗaya a filin da janareta da fitilu ke aiki ya san wannan ƙarar mai shiga amfilifaya. Ya shimfiɗe cikin ramukan gangar da tef ɗin jan ƙarfe, ya haɗa shi da wayar ƙasa. Ƙarar ba ta mutu gaba ɗaya ba, amma in na koma kan mai naɗi biyun, tsit.

Akwai abin da bai yi mini ba. Ya sa maɓallin ƙarar murya na 500k (awon yadda yake tare lantarki ke nan) saboda mai naɗi biyun, alhali sauran biyun sun fi son 250k, don haka sautinsu ya yi kaifi, sai na rage shi da hannu. Samun mai gyaran a waya ma sai da haƙuri.

Batun kuɗi kuwa, kada kowa ya shiga wannan harka don neman araha. Da na haɗa kuɗin kaya da na aikowa da ladan aiki, sun zarce farashin sabuwar Squier, wato jitar Fender mai rahusa, kuma ranar da za ka sayar, mai saye sunan da ke kan jitar yake dubawa. Wanda ke koyo ya sayi wadda kamfani ya haɗa. Wanda ya riga ya san kaurin wuyan da hannunsa ke so, shi wannan aikin zai yi wa rana, kuma ya kai wa mai gyaran awon kayan tun kafin ya biya kuɗinsu.