Revox B77 a gefen kwamfuta: sharhi bayan ya ga hunturu, bazara da damina a Maraɗi

Manyeton da nake magana a kai, wato injin ɗaukar sauti a kan zaren maganaɗisu, Revox B77 MkII ne, mai layi biyu, mai gudun santimita 19 da 38 a sakan, zarensa kuma mai faɗin kwatan inci. Kamfanin Studer ne ya fito da B77 a 1977. Yana da kai uku (na sharewa, na ɗauka, na sauraro) da mota uku, nauyinsa wajen kilo 17. Shekara guda na yi aiki da shi tare da kwamfuta da kart son (na'urar da ke shigar da sauti cikin kwamfuta ta kuma fitar da shi) mai shiga huɗu. Ra'ayina shi ne ya cancanci wahalarsa ga mai ɗaukar kiɗan gargajiya, da sharaɗin kwamfuta ce za ta riƙe asalin ɗauka, shi kuwa a ba shi aikin gyara muryar kiɗa kawai.

Inda ya fi burge ni shi ne kalangu da ganga da duma. Bugun sanda a kan fata yana zuwa da tsini mai kaifi wanda allurar VU, mai nuna ƙarfin sauti a fuskar manyeto, ba ta iya bi, domin ita tana ɗaukar kusan kashi ɗaya cikin uku na sakan kafin ta kai inda za ta. Allura na nuna sifili, alhali tsinin ya wuce haka nesa. A kwamfuta, idan tsinin ya kai 0 dBFS, wato iyakar ƙarfin da take iya ɗauka, sai sauti ya fashe, ba gyara. Zare kuwa idan ya ƙoshi sai ya danne tsinin a hankali, kalangu ya fito da kauri, a ji jikin ganga ba bugun sanda kaɗai ba. Algaita da goge ma suna amfana. Wannan kaifin da ke soke kunne a waya ko ƙaramin lasifika yana laushi, musamman a gudun 19. A gudun 38 sauti ya fi tsabta, saman ya fi buɗewa, sai dai zare ya ninka saurin ƙarewa. Ni a 38 nake barinsa, sai algaita ta yi tsauri nake sauka.

Ga gurmi mai sanyi, ko karatu, ko wa'azi, ko sanarwar rediyo, ban ga amfaninsa ba. Duk inda mai magana ya yi shiru sai a ji shuuu na zare.

Haɗin kansa ba wuya. Fita biyu na kart son su shiga AUX na manyeto, fitar manyeto ta koma shiga biyu na kart son. Wayoyin B77 na RCA ne, ba su da kariyar da XLR ke da ita, saboda haka kada su wuce mita biyu, kuma a jona manyeto da kart son da kwamfuta a soket ɗaya. Idan aka ji gurnanin 50 Hz a ƙasa, a fara cire cajar kwamfuta, sau da yawa ita ce. Sai a aika sautin gwaji na 1 kHz a -18 dBFS, a juya maɓallin shiga har allura ta tsaya a 0 VU, a daidaita dawowa ita ma ta nuna -18 a kwamfuta. A ɗauka a 24 bit. Daga nan duk ƙarin da aka yi wa zare da gangan aka yi shi.

Kuskuren da ya fi ɓata wa mutane aiki shi ne a zuba kiɗa a zare, a mayar da bobin (faifan da zare ke naɗe a kai) baya, sannan a kunna a kwashe. Gudun zare ba ya zama daidai ɗari bisa ɗari tsakanin juyi biyu. Bambancin kashi ɗaya cikin dubu kawai, a waƙar minti biyar, ya kai kusan sulusin sakan a ƙarshe, kalangu ya bar mawaƙi a baya. B77 ba shi da layin da zai kulle da agogon kwamfuta, layi biyu ne kawai. Mafita ita ce a yi komai a juyi ɗaya: a danna ɗauka, a sa MONITOR a kan TAPE, kwamfuta na aikawa tana kuma karɓar abin da kan sauraro ya karanta a lokaci guda. Abin da zai rage jinkiri ne tsayayye, saboda tazarar da ke tsakanin kan ɗauka da na sauraro. Kowace santimita ta tazarar tana ba da kimanin milisakan 26 a gudun 38, ko 52 a gudun 19. A sa ƙyas ɗaya a farkon layi, a ja wanda ya dawo har ya hau kan na asali, shi ke nan. Kada a ba makaɗa wannan dawowar a kunne suna cikin kiɗa, za ta rikita su. Kuma a tabbata maɓallin canza gudu na MkII a kashe yake.

Saiti shi ne abin da masu sayar da tsofaffin kaya ba sa faɗa. Manyeto ba ya ba da sautinsa sai an daidaita shi da irin zaren da ake sa masa. Ana farawa da zaren gwaji irin na kamfanin MRL, wanda ya dace da gudun da kuma tsarin injin, domin tsarin daidaita sama da ƙasan sauti iri biyu ne, akwai B77 na NAB akwai na IEC, kuma idan aka saurari ɗaukar ɗaya a kan ɗayan sai saman ko ƙasan sauti ya karkace. A miƙe kan sauraro da sautin 10 kHz har layukan biyu su zo tare. Sannan bayas, wato siginar da kunne ba ya ji da injin ke haɗawa da sauti lokacin ɗauka: a ɗauki 10 kHz can ƙasa da 0 VU, a juya abin saita bayas har fita ta kai ƙololuwa, a ci gaba da juyawa har ta sauko da adadin da takardar mai zaren ta ce, wajen 3 dB ga zaren SM911 a gudun 38. Idan bayas ya yi kaɗan, sauti zai yi kaifi da ƙazanta. Idan ya yi yawa, sai ya dushe kamar an rufe lasifika da bargo.

Injin da ya haura shekara arba'in, kafin a jona shi da kuran sai mai gyaran rediyo ya buɗe shi. Akwai kondansa na Rifa masu jiki kamar gilashi, suna tsagewa da tsufa su yi hayaƙi mai wari, da na Frako masu launin zinariya da kan haɗe wuta. A canza su duka, ba tsada. A duba maɓallin wuta na baya, domin wanda ya fito daga Amurka yana iya zuwa a kan 120. A haska fuskar kawuna da tocila: idan zare ya ci wani faffaɗan wuri har yana da gefe da farce ke kamawa, saman sauti ya tafi, kuma kai ya fi komai tsada a jikinsa. A tabbata kuma mai layi biyu ne, ba mai huɗu na gida ba. Ba ya cin wat ɗari, amma yana son wuta mai tsabta. Sitabilaiza dole ce, kuma inbata mai arha tana sa taransifoma kuka, motoci su yi zafi.

Yanayin garinmu kuwa, kowane lokaci da tasa matsalar. Ƙurar hunturu tana shiga ko an rufe taga, kuma a kan zare kamar yashi take, tana cin kai tana kawo ɗaukewar sauti. Kafin kowane zama a goge kawuna da sandar da ke jan zare da auduga da alkol isopropil mai kashi 99, ba na kemis mai ruwa ba, a rufe injin da zane da an gama. Tayar robar da ke matse zare a jikin sandar da ɗan ruwa kawai ake goge ta, alkol na busar da ita. Zafin Afrilu da Mayu, da ke wuce digiri 40, yana ƙeƙasar da robar nan ta yi santsi, sai a ji goge yana rawa kamar mai goge ne ya kauce. A ajiye ta biyu. Da damina, a Agusta musamman, tsohon zare ne ke tona asiri. Zaren Ampex 456 da ire-irensa suna shan laima, su yi danƙo, su bar baƙin datti a kai, har a ji suna ƙara. Idan akwai ɗauka mai daraja a kai, kamar ta makaɗan fadar Tsibiri ta da, ana gasa shi a digiri 50 zuwa 55 na wajen awa takwas a na'urar da ke riƙe zafi daidai, ya huce, a kwashe shi zuwa kwamfuta nan da nan. Ba a tanda ta gas ba, ba a rana ba. Zaren asetat, wanda haske ke ratsa bobin ɗinsa idan aka ɗaga, ba a gasa shi sam.

Sabon zare ba ya cikin kasuwar Maraɗi, sai an yi odarsa ta hannun masu zuwa Yamai ko Kano. Kamfanin RTM a Faransa na yin SM911, kamfanin ATR kuma na yin nasa zaren a Amurka. Babban bobin na santimita 26.5 yana ɗauke da mita 762, wato minti 33 a gudun 38, ko 66 a gudun 19, kuma yana buƙatar adaftar NAB guda biyu, masu riƙe shi a kan injin, da ba kullum suke zuwa da injin ba. Tunda kwamfuta ce ke ajiye aikin, bobin biyu sun isa a yi ta sharewa ana sake ɗauka, sai ranar da aka fara ganin jan gari a kan auduga fiye da yadda aka saba. Wanda za a ajiye da ɗauka a kai, a bar shi a bobin na dama ba tare da an mayar ba, don amon da ke ratsawa daga wani nadi zuwa wani ya biyo bayan bugu maimakon ya riga shi. A tsayar da shi a kwalinsa, a ɗakin da ya fi sanyi a gidan, nesa da lasifika.