Wata shida da komawarmu wurin aikin haɗaka na 'yan kwamfuta

Jama'a salamu alaikum. Mu uku ne muke da ɗan kamfaninmu, manhajar lissafin shago muke haɗawa, yawancin kwastomominmu 'yan Kasuwar Gumi ne da Kasuwar Barci. Da a shagon ƙofar gidanmu muke aiki a Tudun Wada, yanzu wata shida kenan da muka koma irin wurin nan da ake biyan kuɗin tebur duk wata a nan cikin garin Kaduna, shi ne nace bari in faɗi abin da na gani.

Wuta dai ita ta kore mu daga gida. Tunda aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 janareto ya zama wani babban ɗa a gidan, duk ɗan abin da muka samu a bakinsa yake ƙarewa. A wurin nan kuwa sola ce da batura, in an ɗauke wuta sai dai ka ji ƙit daga inbata, fanka ma bata tsayawa. Intanet layi biyu ne, in ɗaya ya yi sanyi a juya zuwa ɗayan, wallahi rabona da in hau katanga ina neman sabis har na manta.

Amma abin da yafi amfanata mutane ne. Akwai wata matsala a ɓangaren biyan kuɗi da ta hana ni barci kwana huɗu, wani yaro ɗan Kadpoly dake teburin gefena ya leƙo yana shan shayi yace Yaya mu gani, kafin a kira la'asar ya gano inda take, ko sisi bai karɓa ba. A nan kuma muka samu wata ƙanwarmu da ta gama jami'ar KASU ta yi horon 3MTT, wato shirin gwamnatin tarayya na koya wa matasa fasahar kwamfuta, yanzu ita ke tsara mana fuskar manhajar, kuma tunda ta gyara ta dattawan kasuwa suka daina kirana suna tambaya ina zan danna.

Toh sai inda masu wurin suka gaza. Da yamma in 'yan koyo suka cika wurin hayaniya har bata bari ka yi waya da kwastoma, kuma sun ƙara kuɗin tebur ba sanarwa, wannan bai min daɗi ba ko kaɗan. Babba kuma shine maganar masu zuba jari da suka yi ta mana lokacin rajista, har yau taro ne kawai da hotuna. Na san ba laifinsu bane su kaɗai, kuɗin harkar nan a Legas yake, can Paystack mai harkar biyan kuɗi ta intanet ta tashi har Stripe ta Amurka ta saye ta a 2020 kan sama da dala miliyan 200, mu kuwa da dala muke biyan kuɗin saba, wato kwamfutar da manhajarmu ke zaune a kanta a intanet, kwastoma na biyanmu da naira yana neman ragi. Dokar tallafawa sababbin kamfanonin fasaha da Buhari ya sa wa hannu a 2022 ma ya kamata ace sun zaunar damu sun nuna mana yadda ake cin moriyarta, ba su yi ba.

Duk da haka mun sake biyan wata uku. In zaka zo ka zo da sassafe ka kama teburin kusa da taga, kuma kar ka manta iyafis ɗinka.