Kebul 16 ko 25 ga injin walda na gida, wanne ya fi?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa mai tambaya. Ka ce kana da ƙaramin injin walda inbata wanda aka rubuta am 200 a jikinsa (am shi ne ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya), wayar da ta zo da shi gajera ce, kana so ka mai da ta mita goma saboda ka riƙa kaiwa bakin ƙofa kana haɗa get da tagogi, mai shago ya nuna maka lamba 16 da lamba 25, sannan wadda kake aiki da ita yanzu tana ɗaukar zafi har ba ka iya riƙe holda, wato mariƙin sandar walda. To ni dai 25 zan ce ka ɗauka, amma da sharaɗin ta zama jan ƙarfe na gaske, kuma wannan sharaɗin ya fi lambar muhimmanci.

Ita lambar kaurin ƙarfen da ke ciki take nunawa, ban da robar. A jadawalin masu ƙera kebul ɗin walda, jan ƙarfe mai 16 yana ɗaukar wajen am 135 ba tsayawa, mai 25 wajen 180, mai 35 kuma 225. Sai dai lissafin nan an yi shi ne a wuri mai zafin digiri 25, mu kuwa ka san yadda watan Maris da Afrilu suke, 40 ko fiye, ga rumfar kwano, ga wayar shimfiɗe a kan siminti ko yashin da rana ta gasa. A irin wannan zafin sai ka rage kusan kashi 13 cikin ɗari, wato 16 ta dawo wajen 117, 25 ta dawo wajen 157. Yanzu duba aikinka. Ilektirod, wato sandar walda, da gej ake faɗin kaurinsa, lambar na raguwa kaurin na ƙaruwa; gej 12 yawanci tsakanin am 60 zuwa 100 ake ƙona shi, gej 10 kuma 90 zuwa 140. Kaga indai gej 12 ne abincinka, irin aikin faif mai shara-shara da ƙofofi, 16 ba ta da laifi ko kaɗan, tunda ma ba wanda yake walda ba tsayawa, za ka tsaya ka canza ilektirod, ka kakkaɓe, ka auna, a nan wayar take hucewa. Kar wani ya tsorata ka wai 16 ba ta aiki, tana yi, mita uku zuwa biyar ma ta fi daɗin hannu saboda ba ta da nauyi.

Inda 25 ta fi 16 shi ne tsawo, kuma tsawon da mutane ke mantawa da shi wajen lissafi. Mita goma na holda ba mita goma ba ne, wutar sai ta dawo ta wayar at, wato wadda ake maƙalawa a jikin ƙarfen da ake waldawa, in ita ma goma ce to mita 20 wutar ke tafiya. A ce kana kan am 150: a waya 16 za ka yi asarar bolt 3 da ɗoriya a hanya, kusan wat 500 kenan yana zama zafi a jikin waya, a 25 kuwa bolt 2 ne da kaɗan, wat 300 da 'yan kai. Bolt ɗaya kamar ba komai ba ko? To ai shi bakin waldar gaba ɗaya bolt 26 ne ko kusa da haka yake aiki da shi a wannan am ɗin, shi yasa za ka ga ilektirod yana maƙalewa, sai ka ƙara murɗa inji sama, zafin kuma ba daidai da murɗawar yake ƙaruwa ba, in ka ninka am sau biyu zafin waya sau huɗu yake ninkuwa.

To ga inda ake cutar mutane. Akwai kebul a kasuwa wanda cikinsa alminiyam ne aka yi masa fenti-fentin jan ƙarfe a sama, in ka kalli bakinsa ja wur, robar kuma an yi ta da kauri sosai yadda za ka ɗauka babbar waya ce. Alminiyam kashi 61 cikin ɗari kawai yake wuce da wuta in aka gwada da jan ƙarfe, ma'ana 25 ta alminiyam da 16 ta jan ƙarfe kusan kunnen doki suke, ita kuma 16 ta alminiyam daidai take da 10. Ina kyautata zaton irinta ce ta zo da injinka, don ƙananan injuna masu araha da yawa haka suke zuwa. Saboda haka in mai shago ya ajiye maka 25 mai arha da 16 mai tsada, kar ka yi saurin cewa ka samu garaɓasa, wataƙila mai tsadar ce ta gasken. Alminiyam ɗin kuma ba ya jure lanƙwasa, silin cikin suna karyewa ɗaya bayan ɗaya daidai gindin holda inda hannu ke juyawa, sauran da suka rage su ɗauki wutar duka, wajen ya yi ta zafi.

Gane shi ba wuya. Ka ce a fere maka bakin wayar, ka kankare sili ɗaya da wuƙa, in fari ya bayyana a ciki to ka gama sani. Ko ka kunna masa laita, na alminiyam nan take zai lanƙwashe ya zube, jan ƙarfe sai dai ya yi ja ya yi baƙi yana nan tsaye. Sannan nauyi: ƙarfen da ke cikin mita ɗaya na 25 ta gaske ya kai giram 220, na alminiyam bai fi 70 ba, ko a hannu za ka ji. Mai shagon da ya hana ka gwadawa ka yi gaba abinka, shaguna ba su ƙare ba.

Amma fa kafin ka kashe kuɗi ka yi wani abu ɗaya. Yi walda na ɗan lokaci, kashe inji, sai ka bi wayar da hannu daga inji har holda. In duk jikinta ne ya yi zafi bai ɗaya, to wayar ce ta yi ƙanƙanta. In kuwa wuri ɗaya ne yake ƙuna, gindin holda ko bakin da ake murɗawa a jikin inji ko wajen da aka yi ƙari, to ko 50 ka sayo haka za ta yi, matsalar haɗi ce. Sau da yawa in ka kwance holdar za ka tarar sukurun ya saki, silin sun yi baƙi ƙirin suna murmushewa. Yanke wajen har ka kai inda ƙarfen ke sheƙi, ka ɗaure tam. Irin ƙarin nan da ake murɗe waya biyu a naɗe da robar tub, dan Allah a bari, a sa lug, wato bakin ƙarfen da ake matsa wa kan waya, da noti a matse. Haka masu jona rodi da guntayen ƙarfe a ƙasa a matsayin wayar at, su kashe kuɗi a wayar holda su bar ɗayar a banza, alhali wuta ɗaya ce ke bi ta cikinsu, kaurinsu ɗaya ya kamata. Kuma a goge tsatsa da fenti a inda za a maƙala wayar at ɗin.

35 fa? Ga injin gida irin naka ɓarnar kuɗi ce, ga nauyi, sai in za ka wuce mita 15 kowane ɓangare ko kana ƙona gej 8 yini guda. Ka ma duba bakin injinka tukuna, ƙaramin soket ɗin da ake rubuta wa 10-25 iyakarsa waya 25, mai 35 sai babban da ake rubuta wa 35-50.

Sai ɗaya ɓangaren, wayar da ke kawo wa injin wuta daga mita ko janareto, wadda ita ce ma ta fi jawo gobara saboda a cikin bango take ko a bayan kaya, ba mai taɓa ta ya ji. Injin 200 na gaske in ka buɗe shi sosai zai iya jan am 30 ko kusa, fulogin gida mai baki uku kuwa 13 aka yi shi, shi yasa kake ganin soket ya narke ya yi baƙi. Ka sa mai gyaran wuta ya ja maka layinsa daban da waya 4, in da nisa 6, da birekarsa ta 32. Lokacin da wutar nefa ba ta cika ba inbata ƙara jan am yake don ya cike giɓin, zafin ya ƙaru. In dole sai ka yi amfani da doguwar waya ta ƙari kar ta gaza 2.5, 4 ta fi, kuma ka warware ta duka daga kan abin naɗinta, wadda aka bari a naɗe zafinta ba ya samun hanyar fita, robar narkewa take daga ciki.

Wata dabarar kuma, tunda inbata ba nauyi gare shi ba, maimakon ka sayi mita 20 na kebul ɗin walda mai tsada, ɗauki injin ka kai shi kusa da aikin, ka tsawaita ta wutar da waya 4 mai kyau, ka sayi mita biyar-biyar na 16 jan ƙarfe, ya ishe ka. In kuwa injin a ɗaure yake a shago saboda tsaro ba ya fita, to 25 ɗin, holda da at duka, kuma ka tafi da laitarka kasuwa.