Masu zuba kwafin kifi na ado a Jos, ku yi hattara da mai tallar "ruwan laushin rezin"

Naira 185,000. Ban da kuɗin mota daga Jabi a Abuja zuwa tashar Bauchi Road a Jos, ban da rezin (ruwan roba mai daskarewa da muke zuba kifin da shi) mai kyau kilo 4 da ya lalata mini. Dubu ɗari da tamanin da biyar, a kan jarka mai lita 5 da ba komai a cikinta sai tina (ruwan sirka fenti) da man inji.

Mutumin yana talla a Facebook, wai daga Abuja yake, wai yana da ruwan da ake ɗigawa a rezin fiffiken kifi ya riƙa lanƙwasa ba ya karyewa. Duk mai zuba kwafin giwan ruwa ko karfasa da faiba (rezin da zaren gilashi) ya san a nan ciwon yake. Jiki ba ya ba da wahala, amma fiffike da jela kaurinsu bai wuce milimita 2 ba, kuma rezin foliyesta da muke amfani da shi idan ya bushe kamar gilashi yake, mai goge ƙura ya taɓa, ƙaya ta ɓalle.

Kar wani ya ce mini garaje na yi. Samfuri na nema, ya aiko da 'yar kwalba. Na zuba falle mai milimita 2, katalis (ruwan da ke sa rezin ya daskare) mil 1.5 a giram 100, ya bushe, na lanƙwasa shi ya dawo daidai, fenti ya zauna. Wa zai ga haka ya ƙi biya? Samfurin foliyesta mai laushi ne na gaske, ina da yaƙini. Jarkar ce daban. "Oga, ni da kai ai amana ce, tura kawai direba na jira." Da wannan muryar ya karɓi 185,000. Direba na jira! Har yanzu ina jin ta a kunnena.

Da na yi aiki da ruwan jarkar, fiffike ya fito daga mol (mazubin) silikon da laushi, gaskiya. Daga baya ya fara gumin mai, fenti ya ƙi kamawa, ya tattare ɗigo-ɗigo. Sannan bakin jelar ya nannaɗe ya tsage. Dalili a fili yake: tina ba ta shiga cikin haɗin, tana ba da laushin ƙarya ne kafin ta tashi, idan ta tashi abu ya tsuke ya karkace. Mai kuwa ba ya bushewa har abada, fitowa zai yi ta yi ta ƙarƙashin fenti.

Da na kira shi, sai ya ce sanyin Jos ne. Ni zai koya wa sanyin Jos? E, idan ɗaki ya yi ƙasa da digiri 15 foliyesta yana jinkirin kamawa, kuma saman da iska ta taɓa yakan yi danƙo. Amma sanyi ba ya haifar da mai. Na naɗe fiffiken a farar takarda ta yi tabo irin na ƙosai. Kafin wannan ma, tun ranar da ya ga alat, ya ce rasit na cikin kwali. Babu. Sunan da ke akawun ɗin kuma ba shi ne na shafinsa ba, ya ce na ƙaninsa ne. Yanzu lambar a kashe, ya toshe ni a WhatsApp. Hoton hirarmu, shaidar tura kuɗin da bidiyon jarkar duk suna hannuna, zan ɗora su da zarar na rufe abin da ya kamata a rufe.

A tallarsa har cewa yake ruwan yana aiki da duk irin rezin uku: foliyesta, ifoksi da yuritan. Ƙarya ce, kowannensu hanyar kamawarsa daban. Laushi na gaskiya hanya biyu na sani. Ko ka gauraya foliyesta mai laushi da mai tauri, ka fara da kashi 30 cikin 100 na mai laushin, katalis tsakanin kashi 1 zuwa 2, ka shimfiɗa siririn ƙyallen faiba a tsakiya don ƙayoyin su riƙe juna. Ko ka koma yuritan mai ruwa biyu, A da B, wanda taurinsa a ma'aunin tauri yake wajen 60D zuwa 65D, ka auna yadda takardarsa ta ce, mol a bushe ƙarau, don ɗan danshi kaɗan kumfa yake tayar masa.

185,000, jama'a, ga aikin kifin wani mai gidan abinci da ya lalace, zan sake zubawa daga aljihuna.

Kar ku biya kuɗin jarka a kan samfuri. Ku gwada daga ainihin jarkar da za ku ɗauka, ku bar fallen ya yi mako a naɗe cikin farar takarda. Babu takardar bayanin kaya, ko sunan akawun ya saɓa, ku riƙe kuɗinku.