Wata shida da VKB Gladiator NXT EVO: ashe rabin laifin nawa ne

Sandar da na fara tuƙa jirgin yaƙi da ita a kwamfuta ta yi mini kusan shekara uku, a ƙarshe kuma sai ta koyi rawar sanyi. In na sake ta a tsakiya, na ɗauke hannuna gaba ɗaya, sai in ga alamar da ke nuna matsayinta a allo tana karkarwa ita kaɗai. Irin waɗannan sanduna masu sauƙi suna auna motsi ne da irin abin da ke bayan maɓallin ƙara murya na tsohuwar rediyo: ɗan ƙarfe ne ke goga a kan wani siririn layi, yau da gobe layin ya cinye, ƙura ta shiga. Rediyo sai ta riƙa shaa-shaa in an murɗa ta, sanda kuma ta riƙa aika wa wasa lambobi masu tsalle. Maganin da na sani a lokacin ɗaya ne, in faɗaɗa dedzon, wato filin da ke tsakiya wanda wasa ba ya kula da motsin da aka yi a cikinsa. Na yi ta faɗaɗawa har ta kai sai na tura sanda sosai kafin jirgi ya san ina ciki.

Da haka na sayi sandar Gladiator NXT EVO ta kamfanin VKB, mai mariƙin da suke kira Space Combat. Na saye ta da yaƙinin cewa duk harsashin da na ɓarar a iska cikin wasannin DCS World da IL-2 Sturmovik laifin tsohuwar sanda ne.

Abin da ido ya fara gani ba wani abin a zo a gani ba ne. Jikinta roba ce mai ƙwari, ƙasanta faranti ne na ƙarfe, mariƙin kuma kai ne za ka haɗa shi da gindin da hannunka. Ma'aunin motsinta na maganaɗisu ne, babu abin da ke goga wani abu, saboda haka ba abin da zai cinye. Da na jona ta na buɗe joy.cpl, shafin gwada sanda a Windows, na sake ta, sai alamar ta tsaya cak kamar an kafa ƙusa. Na ɗan zauna ina kallonta, don na manta ana iya samun haka. Kunamarta hawa biyu ce, in ka ja kaɗan ta danna ɗaya, in ka ƙara ja ta danna na biyu, kuma akwai ƙananan maɓallai masu motsawa ta fuska huɗu a ƙarƙashin babban yatsa, isassu ga jirgin Yaƙin Duniya na Biyu har da ragi.

Tashina na farko da ita abin kunya ne. Na ɗauki jirgin TF-51D, wani nau'in Mustang, wanda DCS ke bayarwa kyauta tare da Su-25T, na hau titin jirgi, na ba shi totur. Kafin wutsiya ta ɗaga jirgin ya karkata hagu, ya bar titi, ya kafa farfela a ƙasa. Sau uku ina maimaitawa. Karkatar hagun kanta ba baƙuwa ba ce: farfelar Mustang tana jan hancinsa hagu in an buɗe totur, shi ya sa ake juya tirim ɗin wutsiya, wato abin daidaita karkatar jirgi, digiri biyar ko shida zuwa dama kafin tashi, a kuma riƙe sanda a baya don tayar wutsiya ta kulle. Duk na yi wannan. Abin da ban yi ba shi ne duba shafin saiti. Wasan yakan yi wa kowace sabuwar na'ura hasashen aikin da za ta yi, ni kuwa ina da totur dabam a jone, sai ya zamana na'urori biyu suna rigima a kan aiki ɗaya, wannan na cewa gaba, waccan na cewa baya. Tun ranar, duk jirgin da na buɗe sabo, sai na bi layin kowace na'ura na share abin da ban sa da hannuna ba. A DCS kowane jirgi da nasa saitin, saboda haka aikin sai an maimaita. IL-2 kuwa jerin maɓallai ɗaya ne ga dukkan jirage, ya fi sauƙin farawa. In ka danna Ctrl na dama da Enter a DCS, wani ɗan jan akwati zai fito a gefen allo yana nuna ainihin abin da jirgi ke karɓa daga hannunka. Da na san da shi tun farko, da farfela biyu sun tsira.

Inda na fi daɗewa, kuma inda na gane rabin laifin nawa ne, shi ne lanƙwasa.

Sandar jirgi na gaske irin Spitfire ko Bf 109 daga ƙasan mazaunin matuƙi take tasowa, tsakanin gwiwoyinsa, doguwa ce, hannu yana tafiya mai nisa kafin ta ƙure. Wadda ke kan tebur kuwa gajeruwa ce, duk tafiyar nan an matse ta cikin 'yan santimita. Ɗan motsin da matuƙin gaske zai yi jirgi ya amsa a hankali, in ka yi kwatankwacinsa a tebur sai hanci ya zabura sama. Don haka wasanni suka ba da damar lanƙwasa layin amsawa: tsakiya ta yi laushi, gefe ya yi kaifi. Kowa zai ce maka ka sa, ni ma na sa, kuma da na ji daɗin laushin sai na ƙara, na kai lambar lanƙwasar 35 a gaba da baya na Spitfire. A miƙaƙƙiyar tafiya jirgi ya zama kamar ruwa. Amma da an shiga faɗa sai abin ya lalace, ina bin abokin gaba a kwana, ina daf da ɗora alamar saiti a kansa, sai hanci ya wuce shi, in sassauta ya faɗo ƙasa da shi, in ƙara ja fiffike ya yanke jirgi ya juye.

Na ɗauki makonni kafin in lura da abin da ke gaban idona. Ba a harbi a faɗan kwana da sanda a tsakiya. Lokacin da kake buƙatar hannu mai taushi, sandar tana ja ne wajen rabi ko fiye, wato daidai inda lanƙwasar ta fara hawa da kaifi. Laushin da ka samu a tsakiya bashi ne ka ci, kuma a gefe ake biyansa, a daidai lokacin da ba ka da halin biya. Na sauko 25, na yi mako guda, na sauko 15. Kwanakin farko jirgin ya koma min kamar doki mara linzami, har na kusa mayar da tsohuwar lamba. Daga baya hannu ya saba. Yanzu Spitfire na nan a 15, Mustang a 10, dedzon kuma 1 ko 2 ne kawai, tunda sandar ba ta karkarwa. Waɗannan lambobin nawa ne, na hannuna da tsayin teburina, ba na ce kowa ya kwafa ba. Abin da nake cewa shi ne ka riƙa canza abu ɗaya a lokaci ɗaya, ka ba shi kwanaki, don hannu ba ya koyon abin da ake sauya masa kullum.

Akwai wata hanyar kuma, a rage iyakar abin da sanda ke aikawa, a ce ko ka ƙure ta jirgi ya karɓi kashi 80 cikin 100. Layin yana zama miƙaƙƙe, amsa iri ɗaya ko'ina, sai dai ka rasa ƙarshen ja. Na gwada a Spitfire, wanda dama ba a cika buƙatar ƙure shi a baya ba, kuma ya yi kyau. A wasu jiragen ban so ba.

A nan ne sandar ta biya kuɗinta. Tana zuwa da sifirin na canji masu ƙarfi daban-daban, kuma kowane ɓangaren motsi yana da abin da ke riƙe shi kaɗan, wanda ake ɗaurewa ko sassautawa da alanki. Wata rana da dare na kife ta a kan tawul, na kwance farantin ƙasa, na zuba sukurorin a murfin kwalba don kada su gudu. Cire sifirin ɗin sai da ɗan filaya mai tsini da haƙuri, ɗaya ya kuɓuce ya yi tsalle sai a ƙarƙashin kujera na samo shi. Na sa masu laushi a hagu da dama, na bar matsakaita a gaba da baya, na ɗan ɗaure abin riƙon kaɗan-kaɗan ina gwadawa da hannu kafin in rufe. Bambancin ya fi duk lambar da na taɓa canzawa a allo. Da sifirin mai ƙarfi, duk lokacin da za ka ratsa tsakiya sai ka ji ɗan tudu, hannu ya yi ƙarfi ya wuce gona da iri. Da mai laushi da ɗan riƙo, sandar tana tafiya kamar cikin mai, tana tsayawa inda ka ajiye ta. Sha mai a sama daga jirgin tanka, abin da da nake guje wa, ya fara yiwuwa.

Wani abin mamaki a gefe: F-16 na gaske sandarsa a gefen dama take, kuma ƙarfin matsi take aunawa, da ƙyar take motsi. Ta farko ma ba ta motsi sam, sai da matuƙa suka koka aka ba ta ɗan wasa. Saboda haka duk wanda ke tuƙa shi da sandar tebur mai motsi ya san kwaikwayo yake yi a kan kwaikwayo. Ni a jiragen zamani irin wannan da F/A-18 lanƙwasa kaɗan nake sawa, tunda kwamfutar jirgin tana gyara abin da hannu ya aika.

Murɗa mariƙi don juya wutsiya yana aiki, amma da sharaɗi. In ka ja sanda da ƙarfi, wuyan hannu yakan murɗe ba ka sani ba, jirgi ya riƙa tafiya a karkace harsashi ya bi gefe. Na ba wannan ɓangaren dedzon mai faɗi, wajen 6, ya rage. Akwai sukurun da ke kulle murɗawar gaba ɗaya ga mai feda, wato abin juya wutsiya da ƙafa. Ɗan totur ɗin da ke jikin gindin kuma gajere ne, zai fitar da mai farawa, amma jirgi mai buƙatar lura da injin yana son totur nasa dabam. Manhajarsu ta VKBDevCfg tana da zurfi ƙwarai, ta masu son tono ce. Ni daidaita ma'auni kawai na yi da ita na rufe, sauran a cikin wasa na yi. Maɓallin ƙaramin yatsa na mayar da shi na canji, in na riƙe shi kowane maɓalli ya koma wani aiki, sai adadinsu ya ninka.

Wa zan ce ya saya? Wanda ya riga ya tabbata wannan wasa ba sha'awar mako biyu ba ce, kuma ba ya tsoron alanki. Wanda ke gwaji tukuna ya fara da abin da yake da shi a TF-51D.

Bayan na gama duk wannan wahala na shiga foldar Saved Games, cikin DCS, cikin Config, na kwafe foldar Input zuwa filasha. Sunan kowane fayil a ciki yana ɗauke da lambar da Windows ya ba na'urar, in aka sake sa Windows lambar takan canza, wasan ya ɗauka sabuwar sanda ce. In kana da kwafin, loda su kawai za ka yi jirgi bayan jirgi. Feda ce ta rage mini, kuma na riga na ajiye sukurun kulle murɗawar a cikin murfin kwalbar nan.