Sharhi: Yini ɗaya a Eyam, ƙauyen da ya kulle kansa

Asabar ɗin da ta wuce na bar Sheffield inda nake karatu, na hau bas zuwa Eyam, wani ɗan ƙauye a yankin Derbyshire na Ingila. Tun a bakin direba na fara shan kunya: na ce masa "Iyam", ya ce ai "Iim" ake kiran garin. Na riga na biya kuɗin zagayen ƙafa da 'yar jagora ta intanet, kuɗin da bai wuce na cin abinci sau ɗaya a cikin gari ba.

Jagorar wata dattijuwa ce 'yar garin, mai saurin tafiya kamar an aike ta. A gaban wasu gidajen dutse kusa da cocin St Lawrence ta fara tsayar da mu. Nan ne a 1665 aka kawo wa wani tela ƙunshin yadi daga Landan, ashe da ƙuma a ciki masu ɗauke da annoba. Yaron shagonsa, George Viccars, shi ya kwance ƙunshin, kuma a watan Satumba aka binne shi. A gaban gidajen an kafa alluna da sunayen waɗanda suka mutu a ciki. Ba ta ɓata lokaci wajen dogon bayani ba, sai ta sa ɗaya daga cikinmu ya karanto sunayen da ƙarfi. Wannan dabara tata ta fi duk wani jawabi kama jiki.

Da cutar ta yi kamari a 1666, limamin cocin, William Mompesson, da wanda ya riga shi riƙe cocin, Thomas Stanley, suka shawo kan jama'a kada kowa ya fita, don kada a kai wa maƙwabta. Ina jin haka hadisin nan ya faɗo mini, wanda ya hana barin garin da annoba ta ɓulla. Abinci a bakin iyaka ake ajiye musu, su kuma su jefa kuɗi cikin ramukan wani dutse da aka cika da ruwan khal. Dutsen yana nan har yau. Matar Mompesson ɗin, Catherine, ita ma cutar ta tafi da ita, kabarinta yana harabar cocin.

Inda jagorar ta saye ni shi ne batun yawan jama'a. Wani ya tambaya, mutum nawa ne a garin a lokacin? Ta ce mamata wajen 260 ne cikin wata 14, amma yawan mazauna masana sun saɓa: wasu sun ce 350, wasu sun ce sun kai 800, domin sai a 1801 aka fara ƙidayar jama'a a Birtaniya. In na farko ne, kusan uku cikin huɗu suka mutu ke nan. In na biyu ne, ɗaya cikin uku. Da wani ɗan jagorar ne da ya zaɓi adadin da ya fi tayar da hankali ya wuce abinsa. Ita ta ajiye mana duka biyun. A ƙidayar 2011 kuwa mutum 969 aka samu, wato ko unguwa guda a Kano ta ninka su.

Ƙorafina biyu ne. Haƙar dalma, wadda ita ta riƙe garin shekaru aru-aru, jimla ɗaya ta samu. Sannan ba ta kai mu kaburburan Riley ba, ta ce lokaci ya ƙure. Mai zuwa ya tanadi takalmi mai ƙwari da guzurinsa, ya kuma duba lokacin bas na komawa, don ba kowane lokaci ake samu ba.

Ni kaɗai na haura zuwa Riley, can bayan gari. Wata 'yar katanga ce ta dutse a tsakiyar fili, inda Elizabeth Hancock ta binne mijinta da 'ya'yanta shida da hannunta cikin kwana takwas, a watan Agustan 1666. Na daɗe a tsaye a wurin har na rasa bas ɗin da na yi niyyar hawa.